Kofato, Kwalta da Takalmin Gam: Me Dokinmu Ke Buƙata Idan Tafiya Ta Yi Nisa?

Wagadugu gari ne na babura, amma doki bai bar shi ba. Mazaunin unguwar Gounghin ya saba ganin samari sun fito kilisa da yamma, suna ratsa babura da motoci a gefen filin wasa na 4 ga Agusta, wasu sun nufi filin sukuwa na Nonsin. Idan mutum ya sauke ido daga kan sirdi da kwalliya ya dubi ƙasa, zai ga galibin dawakin nan ba su da takalmin ƙarfe. Haka abin yake a Kano da Katsina da Maraɗi. Da kofatonsa tsirara dokinmu ke tafiya, tun kaka da kakanni.

A Amurka da Turai kuwa, akwai masu dawaki da suka shafe shekaru suna ƙoƙarin mayar da dabbobinsu ga wannan halin da mu muka gada. Sun cire musu ƙarfe, sannan suka tarar cewa kofato tsirara ba kullum yake jure tafiyar kilomita 160 a kan duwatsu ba. Sai suka ƙirƙiro takalmin roba da ake manna wa kofato da gam, a yi gasa da shi, a ɓamɓare shi bayan 'yan kwanaki. Yanzu da waya ta kawo bidiyon waɗannan abubuwa har cikin bargar kowa, ya kamata a zauna a duba: mene ne takalmin nan, wace matsala ya zo ya warware, kuma mene ne rabonmu a ciki?

Garin da doki ke da daraja

Ba baƙo ba ne doki a ƙasar Mosi. Tarihin kafuwar masarautarsu ya faro ne daga gimbiya Yennenga da ingarman da ya ɗauke ta daga Gambaga. Ingarmu biyu ne ke riƙe da tambarin ƙasar Burkina Faso, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa sunan ingarmu take amsawa, babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO ma siffar Yennenga ce a kan doki. Duk safiyar Juma'a ana ɗaura wa doki sirdi a fadar Mogo Naba, sarkin Mosi, ya fito da jajayen kaya kamar zai tafi yaƙi, fadawa su ba shi haƙuri, ya koma ya sako farare. Unguwannin birnin ma suna ɗauke da tsarin rundunar da: Ouidi mazaunin shugaban mahaya dawaki ne, Gounghin kuma na shugaban dakarun ƙasa ne.

Hausawan zango sun shigo wannan ƙasa ne ta hanyar fatauci. Ayarin goro da ke tashi daga Kano zuwa Salaga a ƙasar Gwanja yakan kwashe watanni a hanya da jakuna da dawaki, ta ƙasar Gurma da ta Mosi, kuma ba a san ayari da maƙerin da ke buga wa dabba ƙusa a kofato ba. Dalilin a fili yake. Hanyar yashi ce da turɓaya, ƙasar busasshiya ce mafi yawan shekara, tafiyar kuma sannu-sannu ce, ana yada zango a huta. Dawakin Sahel, na Liptako da na Arewa da na Azbin, ƙanana ne marasa nauyi, kofatonsu ƙanƙane ne mai tauri. Abin da ƙasa ke ci daga kofato bai wuce abin da yake tohowa ba.

Wannan lissafin shi ne tushen maganar gaba ɗaya. Bangon kofato yana tohowa kimanin milimita 6 zuwa 10 a wata, kuma yakan ɗauki wata 9 zuwa 12 kafin ya sabunta daga sama har ƙasa. Muddin ci bai fi tohowa ba, doki ba ya buƙatar komai a ƙafarsa. Ranar da ci ya rinjayi tohowa, tafin kofato zai yi siriri, tsakuwa ta fara taɓa nama, sai ka ji ɗan barga yana cewa doki yana jin ƙafa.

Dokin bai canja ba, ƙasar da yake takawa ce ta canja. Titunan Wagadugu yau kwalta ce da daɓen siminti da jar marmara mai kaifin tsakuwa, dukansu kuwa suna goge kofato. A watan Afrilu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, kwaltar tsakar rana ta fi iskar gari zafi nesa ba kusa ba. Ga ƙusoshi da fasassun kwalabe da guntayen waya a lungu. Kofaton da ya isa fatake bai zama lallai ya isa wanda ke sukuwa a bakin titi ba.

Gasar dogon zango

Abin da muka fi sani shi ne sukuwa ta ɗan gajeren zango, da hawan ado irin na Sallah a Kano da Katsina da Zazzau, wanda hukumar UNESCO ta sa na Kano cikin kayan gadon duniya a 2024, da wasan gwaninta irin na Fulanin Barani a arewa maso yammacin Burkina. Gasar dogon zango wani abu ne dabam. Doki ɗaya da mahayi ɗaya za su yi kilomita 80 ko 120 ko 160 a yini guda.

Ta samo siffarta ta zamani ne a 1955, lokacin da Wendell Robie da abokansa suka ƙetare tsaunukan Sierra Nevada na jihar Kalifoniya, daga wajen tafkin Tahoe zuwa garin Auburn, mil 100 cikin awa 24. Wannan tafiya ita ce ta zama gasar Tevis, wadda har yau kusan rabin waɗanda suka fara ne kawai ke kai wa ƙarshe. Hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta karɓi wasan a 1982, aka yi gasar duniya ta farko a Italiya a 1986. Akwai ta Florac a Faransa, da ta Tom Quilty a Ostareliya, da ta Fauresmith a Afirka ta Kudu, wadda ake yin kimanin kilomita 200 cikin kwana uku. Dokin Larabawa ne ya mamaye fagen.

Abin da ya bambanta wannan gasa da sauran shi ne ikon likitan dabbobi. Ana raba hanya gida-gida, a ƙarshen kowane kashi sai an tsaya. Dole bugun zuciyar doki ya sauko zuwa 64 a minti cikin ɗan lokaci ƙayyadadde. Likita zai duba dasashinsa, ya tsunkule fatarsa ya ga ko ruwan jikinsa ya ƙare, ya saurari motsin cikinsa, sannan a ja shi da sassarfa a gabansa, a je a dawo. In aka ga ɗingishi, ko da kaɗan ne, an fitar da shi, ko shi ne kan gaba. Ko an ƙetare layin ƙarshe ma sai an sake wannan duba kafin a ce mutum ya kammala. Ɗingishi shi ne babban abin da ke fitar da dawaki daga gasa. Shi ya sa masu wannan wasa suka fi kowa damuwa da abin da ke ƙafar doki.

Hanyoyi uku kafin gam

Ta farko ita ce ƙarfe da ƙusa, wanda Turai ta dogara da shi fiye da shekara dubu. Yana da araha, yana kai mako 4 zuwa 8, kuma har yau mafi yawan dawakin dogon zango a duniya shi suke sanye da shi. Bai kamata a raina shi ba. Amma yana huda bango, yana santsi a kan kwalta, yana mayar wa gaɓoɓi da jijjigar ƙasa mai tauri, kuma masu sukarsa na cewa yana hana dunduniyar kofato buɗewa da tsukewa yadda take yi a kowane taku. Sannan yana buƙatar gwani, don ƙusa ɗaya in ta kauce ta shiga nama, doki ya gurgunce.

Ta biyu ita ce barin kofato tsirara. A Amurka, Jaime Jackson, wanda asalinsa mai buga wa dawaki ƙarfe ne, ya yi nazarin kofaton dawakin jeji na yammacin ƙasar, ya fitar da littafi a 1992 da ya jawo mutane da yawa suka cire ƙarfe. Sun gano abin da kowane ƙauye ya sani game da ƙafar mutum: tafin manomin da ya saba yawo ba takalmi ya fi na ɗan birni kauri, amma ko manomin ba zai yi gudun yini guda a kan marmara ba tare da ya ji a jikinsa ba.

Ta uku ita ce takalmin da ake sawa a cire. Tunanin tsoho ne. Rumawa sun ɗaura wa dabbobinsu takalmi da igiya, mutanen Japan sun saƙa wa dawaki na ciyawar shinkafa. Na zamani ya fito a 1970 daga hannun Neel Glass, masanin kimiyyar nukiliya a Los Alamos, wanda ya ƙera shi domin dokin gidansa mai ciwon kofato, ya sa masa suna Easyboot. Irin wannan takalmi na da kyau ga kilisar awa biyu ko uku. Idan tafiya ta yi tsawo sai aibinsa ya fito: maɗaurin yana goge fata a saman dunduniya har ya yi gyambo, yashi yana shiga, takalmin yana juyawa, taɓo kuma yana tuɓe shi.

Yadda ake manna shi

Takalmin gam shi ne wancan takalmin bayan an cire masa duk wani maɗauri. Ƙoƙo ne na roba mai tauri da ɗan lanƙwasa, wanda ke rufe tafin kofato ya hau bango, amma bai kai layin gashi ba. Ba abin da ke taɓa fata, don haka ba abin da zai goge ta. Kamfanonin EasyCare da Renegade na Amurka ne suka yi suna da shi. A 2011 Jeremy Reynolds ya ci gasar Tevis da doki mai irin wannan takalmi, a 2012 kuma Garrett Ford, mai kamfanin EasyCare, ya ci da nasa dokin. Daga nan masu shakka suka yarda cewa gam na iya riƙe takalmi a kan dutse da cikin kogi har mil 100.

Aikin sa shi kuwa sai an natsu. Da farko a gyara kofato, a daidaita shi da magagari, sannan a auna faɗinsa da milimita, domin takalmin sai ya kama tsam ko da ba gam. Sai a kankare bango a ɗan ƙarce shi don gam ya sami abin riƙewa. Daga nan sai tsabta da bushewa, waɗanda su ne rabin aikin: ba mai, ba ƙura, ba laima. Wasu kan bi bangon da iska mai zafi, kuma bayan an gama ko hannu ba a ɗora masa, saboda maiƙon tafin mutum kaɗai ya isa ya ɓata aikin.

Gam iri biyu ake haɗawa. A cikin tafin takalmin ana zuba mai taushi, irin Sikaflex 227, wanda ke cike ramukan tafin kofato ya zama matashi, ya hana yashi shiga. Shi yana ɗaukar awoyi kafin ya kama. A jikin bangon takalmin kuma ana shafa mai saurin kamawa, irin Vettec Adhere, wanda ke fitowa daga bututu biyu ya gauraya a bakin bindigar matsawa. Wannan ba ya jira. Da an shafa sai a zura kofato, a buga gaban takalmin da gudumar roba har gaban kofato ya zauna, a sauke ƙafar, wani ya ɗaga ɗaya ƙafar don doki ya tsaya cik a kan wadda aka manna. A ƙarshe a bi bakin takalmin da gam a toshe shi. Ana yin wannan kwana ɗaya ko biyu kafin gasa.

Cire shi ma da ƙa'ida: ana zura sukudireba mai faɗin baki tsakanin roba da bango, a bi a hankali ana raba su. Kuma ba a barin sa ya daɗe. Masu ƙera shi kan ce kada ya wuce kwana 5 zuwa 10, domin kofaton da aka rufe ruf yana tara laima, laima kuma ita ke kawo ruɓewar tsokar nan mai kusurwa uku da ke tsakiyar tafi, wadda kan yi baƙi ta yi wari.

Idan aka kawo shi nan

Yanayinmu na da abin da ya taimaka da abin da ya hana. Rani da hunturu suna ba da busasshen kofato, wanda shi ne abin da mai gam a Ingila ke nema ruwa a jallo. Amma ƙurar hunturu tana sauka a kan bangon da aka gama gogewa kafin a juya, zafin bazara kuma yana sa gam ya daskare tun ba a zura ƙafa ba. Wanda zai yi aikin a nan sai ya yi shi da sanyin asuba, a kan daɓe mai tsabta, ya ajiye gam ɗin a wuri mai sanyi. Gam ɗin ma yana da wa'adi, kuma zaman shago mai zafi yana kashe shi. Daga Yuni zuwa Satumba, lokacin damina, rufe kofato na kwanaki haɗari ne.

Sai kuɗi. Takalma huɗu da gam iri biyu da bindigar matsawa duk daga waje za a yo odarsu, a biya kuɗin jirgi da na kwastan, don amfanin mako guda. Ga saurayin da ke fafutukar kuɗin harawa da dusa, wannan linzami ne da ya fi ƙarfin bakin kaza. A nan ne nake jin tsoron dabarar gida. Wani zai ga bidiyo ya yanko tsohuwar taya ya nemo gam ɗin faci ko na kafinta. Kada a yi. Takalmin da bai zauna daidai ba yana karkatar da taku ya ja jijiya, gam ɗin da ya taru a ƙarƙashin tafi ya yi tauri kuma yana zama kamar tsakuwar da doki ba shi da ikon kakkaɓewa. Haka nan ba a rufe kofato mai rauni ko mai ruɓa. Raunin ƙusa da aka toshe wa iska shi ne gidan cutar sarƙe haƙora, wadda doki na cikin dabbobin da ta fi kashewa.

Akwai kuma wani haɗarin da ya fi wannan girma. Ciwon ƙafa gargaɗi ne. Dokin da tsakuwa ke damu yana rage gudu da kansa. Idan aka kare masa tafi, mahayi na iya ci gaba da kora shi har zuciya da jijiyoyi su gaza. An ga inda son nasara ya kai mutane a wannan wasa: a 2015 hukumar FEI ta dakatar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa na wani lokaci saboda yadda ake wahalar da dawaki a gasanninta. Takalmi ba tare da likita mai ikon cewa a tsaya ba, ƙarin azaba ne ga dabba.

Abin da ya kamata a fara da shi

Ra'ayina shi ne takalmin gam kayan aiki ne na ƙwarai, amma na rana ɗaya ne, ranar da za a nemi doki ya yi abin da ya fi ƙarfin kofatonsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sauran kwanakin shekara su ne ke yin kofato, kuma a nan ne bargarmu ke da gyara, gyaran da ba ya cin kuɗi.

Dokin birni yakan wuni a turke, a tsaye cikin fitsarinsa da kashinsa, abin da ke tausasa kofato ya ruɓar da shi. A share turke safe da yamma, a zuba busasshen yashi, a ware wani gefe a shimfiɗa masa duwatsu masu sulɓi. Zenofon na ƙasar Girka ya ba da shawarar daɓen duwatsu don ƙarfafa kofato fiye da shekara 2,300 da suka wuce, kuma shawarar ba ta tsufa ba. A riƙa ɗaga ƙafa kullum ana sakace tafi. A gyara kofato duk mako 4 zuwa 6 da wuƙa da magagari, a zagaye bakinsa don kada ya tsage, kada a bari gabansa ya yi tsawo har doki ya riƙa tuntuɓe.

A kula da ciyarwa. Al'adar ɗura wa doki gero da dawa yana tsaye don ya yi ƙiba kafin Sallah tana iya jawo kumburin cikin kofato, ciwon da ke raba bango da ƙashi, wanda ba takalmin da ke maganinsa. Ciyawa da harawa su ne gaba, hatsi gwargwadon aiki. Kilisa kuma ta zama ta kullum, a fara da yashi, a ƙara nisa da taurin ƙasa kaɗan-kaɗan cikin watanni. A yi wa doki allurar rigakafin sarƙe haƙora. A guji sukuwa a kan kwalta.

Bayan wannan, wanda ke yawan bin marmara zai fi amfana da takalmin sawa da cirewa, domin saye ɗaya ne na watanni. Dukawanmu da suka iya sirdi da linzami da kayan ado, in aka ba su samfur da ma'auni, suna da hannun da za su gwada ɗinka irinsa da fata da roba don gajeriyar kilisa, a ƙarƙashin idon likitan dabbobi.

Idan kuwa masu dawaki na Wagadugu ko Kano ko Maraɗi suka yi niyyar shirya gasar dogon zango, to su fara da kilomita 20 ko 40, cikin sanyin Disamba ko Janairu, a hanyar ƙasa, da ruwa a kowane zango, da likitan da ba wanda ya isa ya tsallake hukuncinsa, ko ɗan sarki ne mahayin. A irin wannan nisa yawancin dawakinmu za su gama da kofatonsu tsirara. Sa'ad da nisa ya kai 80 ko ya wuce, hanya kuma ta bi ta kan dutse, masu dawaki biyar ko shida na iya haɗa kuɗi su yo odar takalman gam, su tura mutum ɗaya ya koyi aikin sosai. Wannan shi ne jerin da ya dace: tsabtar turke, gyaran kofato, horo, likita, sannan gam. Wanda ya fara daga ƙarshen jerin zai yi asarar kuɗinsa, wataƙila har da dokinsa.